Buhunan da Ba Su Gama Dahuwa Ba

A ƙarshen barandar sashen nazarin ƙwayoyin cuta na jami'ar akwai wani ɗaki mai taga ɗaya, kullum bangonsa na gumi. Nan tukunyar tururi take, wadda ake dafa duk abin da ɗalibai suka gama gwaji da shi kafin ya bar ginin. Nan kuma Goggo take, shekara ashirin da shida ke nan.

Da shara ta fara, mijinta bai daɗe da rasuwa ba, ga 'ya'ya uku. Wani tsohon ma'aikaci ya lura ba ta taɓa abu sai ta tambaya, shi ya koya mata tukunyar. Karatunta bai yi nisa ba, amma agogo ba ya ruɗa ta. Ɗalibi in ya cusa buhu har wuya, abokinsa kan ce, "Rage, kafin Goggo ta maido maka da abinka."

Wata Laraba da hantsi aka ɗauke wuta. Buhuna huɗu ne a ciki, na gwajin taifot, minti goma sha ɗaya kacal suka samu cikin talatin. Mai kwashe shara ya iso da amalankensa, safar hannunsa a yage wajen babban yatsa. Goggo ta dubi yatsan, ta jawo kujera ta zauna a bakin tukunya.

Sai ga shugaban sashe da sauri, yana jiran baƙi masu duba dokokin tsaro, ba ya son su tarar da tarkace. Da tukunyar ta huce ya sa aka buɗe, ya nuna ɗan tef ɗin da ake manna wa buhu, wanda ke yin baƙi in ya ji zafi.

"Goggo, ai ga shi ya yi baƙi. A fitar da su."

"Ranka ya daɗe, zafi ya ji. Tef bai san minti nawa suka yi ba."

Mai shara ya ce, "Haba Goggo, ni da na sha rana shekara nawa, wane ƙwaro zai kama ni?"

"Rufe mana baki, ɗan nan. Da hannun nan za ka ɗauki jaririyarka anjima."

Ta juya ga shugaban, murya ƙasa-ƙasa. "In ka gamsu sun dahu, Farfesa, amalanken ba nisa. Ɗauki na farko, ni in biyo ka da na biyu."

Farfesa ya daɗe yana kallon buhun. Can ya zura hannayensa aljihu, ya yi gyaran murya, ya ce a je a tayar da janareta.

Baƙin sun zo sun tarar da tukunya na huci, ƙofarta a garƙame. Babbarsu ta tambaya ko za a buɗe su gani.

Goggo ta ce, "Saura minti tara, Hajiya. Ga benci."

Suka zauna.