Yabawa da Firigonta

Duk wanda ya san tashar Gure ya san Yabawa mai ƙanƙara. Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba mu, don haka kar wani ya zo yana gaya mini halinta. Masu cewa sakaci ta yi, su zo su faɗa a gabana.

Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Hamsatu, wadda ciwon suga ya kama tana budurwa. Ranta a allurar insulin yake, safe da yamma, kuma daga Damagaram ake aiko maganin. An ce wa Yabawa kar zafi ya taɓa shi. Sai ta binne tulu cikin yashi a inuwar ɗaki, ta sa kwalaben ciki, kullum tana jiƙa yashin. Ko ranar da ba ruwan wanka a gidan, tulun nan sai ya sha. Shekaru suna haka, yarinya ta yi kumatu.

Amma hankalinta bai taɓa kwanciya da tulun ba. Takan ce mini, "Yaya, ran 'yata a cikin yumɓu?" Ta sayar da awakinta kaf ta sayi firigo, irin mai daskarar da ruwa. Sana'ar ƙanƙara daga baya ta zo, don Hamsatu aka saye shi. Maganin da aka aiko duka ta jera a can ƙasa, inda ya fi sanyi. In za a yi allura sai ta narkar da kwalba a tafin hannu.

Sai yarinya ta fara ramewa. Ƙishirwa ba iyaka, fitsari ba iyaka. Yabawa ta ƙara yawan allura, ba sauƙi. Wallahi na ga matar nan tana zagaya tsakar gida kamar kazar da aka ɗauke wa 'ya'ya. Ranar da Hamsatu ta daina gane mutane muka kai ta gidan likita a amalanke.

Majo Hamidu, babban ma'aikacin jinya, ya ce a nuna masa maganin. Yabawa ta kwance gefen zane ta miƙa masa kwalba a daskare, har da 'yar alfaharinta.

Ya jujjuya kwalbar a hannunsa. Sannan ya ce, "Inna, abin da ke cikin ruwan nan kamar zare ne siriri da aka naɗe, naɗin ne ke aiki a jiki. In ya daskare naɗin ya lalace, ya cure."

"To in ya narke fa, ɗana?"

"Ƙwai in ya dahu ba ya komawa ɗanye."

Ba wanda ya taɓa gaya mata sanyi ma yana kashe maganin. Ba ko ɗaya, kuma wannan ne ke ƙona mini rai har yau.

Aka sa wa Hamsatu ruwa, aka ce sai Damagaram. A motar likita Yabawa ta riƙe kwalbar a hammata tana ɗumama ta, tana ta roƙon a gwada ko sau ɗaya. Mun wuce Gidigir kaɗan yarinya ta cika.

Yabawa na nan tana sayar da ƙanƙara, ba ta da wani abin ci. Sai dai hannunta ba ya iya taɓa murfin firigon. Kowace safiya takan ƙwanƙwasa katanga, in zaga in buɗe mata firigon, ita tana tsaye ta juya baya.