Otal Ɗin da Baba Ya Zaɓa Mana a Faris

Ni dai barci na je yi Turai, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Lokacin na yaye ɗana na huɗu ke nan, shekara takwas ban tashi don kaina ba, sai dai kukan wani ya tashe ni. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, aka tura shi wani ɗan kwas a Ingila. Naira tana da ƙarfinta a lokacin, sai ya ce in bi shi, in an gama mu tsallaka Faris mu yi kwana uku. Na ce, "Malam, ni ɗaki mai makulli kawai nake so, inda ba wanda zai ce Mama."

Ya samo wani littafi mai hotunan otal-otal wurin masu sayar da tikitin jirgi a Kaduna. Sati guda muna juya shi a gidanmu na unguwar Kpakungu a Minna. Na tsakiyar gari tsada kamar me, masu araha kuwa suna can bayan gari, kamar ka zo Minna a sauke ka a Zungeru. Da abin ya ishe shi, sai ya kira mahaifinsa shawara.

Baba tsohon ma'aikacin reluwe ne, a tashar Minna ya yi furfura. Ina bayan labule, don ba na zama gaban surukina, na ji ya ce, "Wanne ya fi kusa da tasha?"

"Ga wannan, Baba, a jikin tashar ma yake. Kuma ya fi sauran araha."

"To me kake nema kuma? Kowane gari daga tasha yake farawa. Nan kasuwa take, nan mai abinci, nan mai shayi. Wanda ya sauka kusa da tasha ba ya ɓata."

Malam ya yi ƙarfin hali ya ce, "Ƙarar jirgi fa, Baba?"

"Jirgi nawa ne? Na Legas ya wuce, na Kano ya wuce, wata rana ma ba ya zuwa. Sauran lokaci shiru kake ji."

Na so ko tari ne in yi, kunya ta hana ni. Washegari aka aika da kuɗin kwana uku.

Wajen kusanci kam Baba bai yi ƙarya ba, taku kaɗan muka yi daga tasha sai ga mu a otal. Ɗakin tsaf, gado lafiyayye. Na buɗe taga, sai na ce innalillahi! Layin dogo ne jere reras, iya ganin ido. Kafin wannan jirgi ya fita wancan ya shigo, ga wani a ƙarƙashin ƙasa yana girgiza gadon, ga wata mata a lasifika tana ta zuba Faransanci ba ta ko haɗiyar yawu. Kofin shayi da na ajiye a tebur da kansa ya yi tafiya har bakin teburin.

Shi kuwa Malam, murna! Ya ja kujera bakin taga da biro, wai yana ƙirga jirage zai kai wa Baba labari. Na toshe kunne da auduga, na ɗaura ɗankwali biyu, na danne da matashi, duk a banza. Kwana biyu a haka. Da safiyar na uku na zauna a bakin gado na fashe da kuka, kuka na gaske. Na ce, "Malam, kai ka zo ƙirga jirgi. Ni fa me na zo yi? Gobe zan koma wa yara huɗu."

Ya ajiye biron. Kuɗin wani otal dai babu. Ya ce in tashi mu fita, ko gari ne in gani.

Muka shiga irin jirgin ruwan nan da ke zagaya da baƙi a kogin da ya ratsa birnin. Kujera mai laushi, rana ɗumi-ɗumi, ruwa yana lilo da mu a hankali. Na tuna na ga gada ɗaya.

Da na farka rana ta yi sanyi, mutanen da ke kewaye da mu duk sababbi ne. Kaina yana kan kafaɗar Malam, a bainar jama'a, mutumin da a Minna ko jerawa da ni ba ya yi a titi. Jakata tana cinyarsa, ga tikiti takwas a hannunsa. Ashe duk sanda jirgin ya dawo gaɓa sai ya ɗaga wa mai tikiti yatsu biyu, ya sa yatsa a baki wai kada a yi magana. Zagaye huɗu muka yi, kuɗin tsarabar 'yan ofishinsu ya tafi a nan.

Na ce, "Haba Malam, me ya hana ka tashe ni?"

Ya so ya ɗaga hannu, hannun ya ƙi, ya riga ya mutu tun zagaye na biyu. Ya ce, "Saura zagaye ɗaya kafin su tashi aiki. Koma ki kwanta."