Mikrob a Hanjin Maigida

Maigidana ya daɗe yana ganin jini in ya zaga, yana cewa basir ne. Babu jiƙon da bai sha ba a unguwar Bromakoté. Da ya rame har wando ya daina zama a ƙugunsa, na ja shi asibiti a unguwar Treichville da faɗa. Likita ya ce ciwon dajin hanji ne, amma bai yi nisa ba, in aka yanke wurin akwai sa rai. Mutumin nan ya kafe. Wai shi ba rago ba ne da za a farke masa ciki, kuma jikin da ya ci amanarsa me ya rage a gyara? Na yi kuka, na yi masifa, na tara masa 'yan'uwansa. Ko gezau.

Autarmu a lokacin tana jami'a, tana karatun ƙwayoyin halitta. A nan ƙasar da muke zaman baƙunta aka haife ta, Hausarta sai a hankali, rabi Faransanci ce. Ran nan bayan la'asar ta zauna gefen tabarmarsa tana ba shi labarin wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ke cikin jikin kowa, ana ce musu micro-ARN. Shi kuwa "mikrob" kunnensa ya ji, wato sunan da ake kiran yaran nan masu wuƙa da ke ƙwace a unguwar Adjamé. Ya ce to madalla, har cikin hanji suka biyo shi.

Dariya ta ƙwace mini, ita kuwa ranta ya ɓaci. Ta ce ba ɓarayi ba ne. Wasunsu ma su ke taka wa dajin burki, su hana shi yaɗuwa, sai sun yi ƙaranci yake samun hanya. Ba ta yi masa ƙarya ba, ta ce ba su zama magani ba tukuna, ana kan bincike. Sai ta lalubo 'yar Hausarta ta ce masa:

"Baba, jikinka bai ci amanarka ba. Tun tuni yake kokawa shi kaɗai. Kai ne ka ƙi kai masa ɗauki."

Ya dube ta da kyau. Can ya juyo gare ni.

"Hajiya, yaushe likitan nan ya ce mu koma?"

An yi aikin, an sha wuya, ya tashi. Na gode wa Allah, na gode wa likitocin, na gode wa yarinyar nan har kullum. Ga shi can tsakar gida yanzu yana mita wai na cika gishiri a miya, kuma wallahi daɗin mitar nake ji.