Ranar Da Yaya Ta Kore Ni Daga Fili

A gidanmu kowa da aikin da Baba ya yanka masa tun yana goye. Babban wanmu zai gaji shagon katako, ni Auta in riƙa miƙa masa guduma, Yaya kuwa, ita kaɗai mace a cikinmu, ta yi karatun jinya ta zauna a kemis ɗin kawu. Ba wanda ya tambayi Yaya, ita kuma alƙalancin ƙwallo take so.

Ba buga ƙwallon ba fa, yanke hukunci. Tun muna yara, in muna wasa a lungu, tana kan dakali da murfin biro a baki tana busa mana. Ka kuskura ka musa, ta karanto maka doka kamar ita ta rubuta. Da ta gama sakandare sai ta lallaɓa birni ta yi kwas, ta dawo da usur na gaske a wuya. Nan da nan gari ya ɗauka, matasan bakin titi suka raɗa mata Hajiya Usur. Goggo ta yo takakkiya har gida.

"Ke yanzu ko kunya ba kya ji? Mace tana tsere da ƙarti a fili!"

"Goggo, ai kowa da kiwon da ya karɓe shi," in ji Yaya, tana ɗaure igiyar takalmi.

Baba ya zuba mata ido tana busa wasan 'yan firamare, yana jiran ta gaji. Ba ta gaji ba. Ranar da aka ba ta wasan ƙarshe na gasar unguwanni, ya kira ta shago.

"Zan je in gani da idona. In na ga abin kunya, ki ajiye abin nan ki tafi kemis. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Unguwarmu ce ta kai wasan ƙarshen, ni kuma mai tsaron baya, lamba huɗu. Har tsalle na yi, ga alƙali ɗan gida. Mutanenmu suna ta yi mata kirarin naka sai naka, 'yan ɗaya unguwar suna ihu wai an sayar da wasa tun a tsakar gidanmu.

Ana dab da tashi, kunnen doki ake, sai ɗan gabansu ya zare da ƙwallo ya wuce kowa, saura ni. Na miƙa ƙafa. Har gobe ina cewa ƙwallo na nufa, in ƙafarsa ta zo ta shiga tsakani, wannan tsakaninsa da ƙafarsa ne. Ya kife a gaban raga. Usur ya tashi, Yaya ta nuna fenariti, ta zaro jan kati ta ɗaga min.

"Yaya, ni ne fa!"

"Lamba huɗu, fita."

"Haba Yaya, wallahi ban…"

"A gida nake yayarka. Fita min daga fili."

Fili ya kaure. Waɗanda ɗazu ke mata kirari suka koma zagi da jifa da ledar ruwa. Kyaftin ɗinmu, wani basamude, ya taho mata yana huci. Ko gezau ba ta yi ba, hannu kawai ta kai aljihun kati, sai ga shi yana ja da baya yana murmushin dole. Aka buga fenaritin, ƙwallo ta shiga, muka rasa kofi. Na hango Baba ya kaɗe riga ya fice.

Ko da muka isa gida Goggo ta riga mu, tana ta tafa hannu wai Yaya ta tozarta ɗan'uwanta a bainar jama'a. Ni ma na shigar da ƙarata. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, ta riga ta cire usur ɗin tana shirin miƙawa. Sai tausayinta ya kama ni duk da haushin da nake ciki.

"Auta, ka taɗe shi ko ba ka taɗe shi ba?" in ji Baba.

"Baba, ai ƙwallo na…"

"Ina wurin fa."

Na janye ƙarata. Ya juya wajen Yaya.

"Na je neman abin kunya, na kuwa gani, amma ba a wurinki ba. Gari guda yana zaginki kika tsaya kan gaskiya. Mayar da abinki wuya. Yaushe ne wasanki na gaba?"

Yaya ta durƙusa ta fashe da kuka. Goggo ta suri mayafinta ta tafi ko sallama babu.

Yau Yaya a manyan filaye take busa, har a talabijin muke ganinta, kuma ina alfahari da ita ba kaɗan ba. Ranar wasanta Baba kafa kujera yake a gaban allo, kada wanda ya yi masa maganar aiki. Duk kuma wanda ya zagi alƙalin wasa a gabansa, ko na wace ƙasa ne, ranar sai dai ya nemi katakonsa a wani shagon.