Jirgin da Ya Raka Babana

Ni haifaffiyar unguwar Hindawiyya ce, a Makka. Shekaru arba'in na yi ina sayar da turare da kayan tsaraba ban san harafi ba, ban kuma damu ba, don bakina ya ishe ni. Sai shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da maigidana. Magani kala-kala, ban iya bambance su ba. Ranar da na ba shi na yamma da safe ya wuni bai san inda yake ba, yayyensa suka ce za su ɗauke shi. Na zazzage su tas, amma na san da gaskiyarsu.

Na je wa babana da kuka, na ce ni ba a yi ni don jinya ba. Tsohon sojan yaƙin Bama ne, ta Sudan ya iso Makka. Ya ce in share majina in saurara. Lokacin da aka kwashe su cikin teku zuwa Indiya, wani jirgi ne ya raka su, mummuna kamar faranti a kan kwale-kwale. Asalinsa na dakon kaya ne. Da yaƙi ya matsa aka shimfiɗa masa fili a ka, jiragen sama suna tashi suna sauka. Ba sulke, ba gudu, manyan jiragen yaƙi ba sa tafiya da shi. Amma ya ce muddin jiragen samansa na shawagi a sama, jirgin maƙiya na ƙarƙashin ruwa ba ya iya ɗago kai. Tafiyarsa daidai da ta waɗanda yake tsaro, shi ne amfaninsa. Da aka gama yaƙi, ya ji an cire wa irinsa filin sun koma dako.

Na shiga makarantar manya, ina haɗa baƙi kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Na roƙi yayyen maigidana su ba ni lokaci zuwa Ramadan. Ranar da suka zo, na karanta musu kwalin maganin da kaina, da in'ina, har ƙarshe. Babban ya ce to, Hajiya, riƙe mijinki.

Yau da sanda yake takawa. Daga unguwar Misfala zuwa Harami kowa wuce mu yake, ni mai saurin da har 'yan tasi sun san ni. Na koyi takunsa.

'Yan'uwa mata, kada ku jira sai ciwo ya shigo gida kafin ku nemi karatu. In kuma ya riga ku, kada wadda ta ce ba don wannan aka yi ta ba. Jirgin nan ma ba don haka aka fara ƙera shi ba, ya kuwa kai babana tudu.