Ranar da Anti Tef Ta Ƙi Fitowa

Anti Tef muke ce mata, don shekara ashirin da shida tana kamfanin ɗinkin nan, ba wanda ya taɓa ganin wuyanta babu tef ɗin awo. Gajera ce, ga ciwon gwiwa, amma in ta ɗaga murya sai ta danne ƙarar kekuna arba'in. 'Ya'ya uku ta raina da aikin nan, duk maza, shi ya sa take cewa mu ne rabonta na mata.

Ni kuwa da na zo, ko gaisuwata ba a ji. Ta ce za ta mai da ni shugabar layi. Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Kullum da safe sai ta ɗora ni kan akwatin zare in karanta wa mutane aikin ranar, ta koma can ƙarshen ɗaki ta kama kunne, wai ba ta ji. Sau uku, sau huɗu. Wallahi akwai ranar da na tsani matar nan.

Bayan wata shida aka ba ni layi, gwajin mako biyu: in na iya a tabbatar da ni, in na kasa a ba wani. Rana ta tara muna ɗinka rigunan makaranta, na ɗaga hannun riga ɗaya na ga ya gaza. Na auna goma, duk sun gaza. Wanda ya yanka kuwa Baba Mai Almakashi ne, sa'an mahaifina, mutumin da ko manaja lallaɓa shi yake yi. Na waiga neman Anti, kujerarta wayam.

Na leƙa ofis, ba ta nan, ga shi ana ta haɗa hannuwan a jikin riguna. Na hau akwatin na ce a tsayar da kekuna. Aka tsayar. Na taka har teburin yanka, na rusuna na gaishe shi, na shimfiɗa hannun rigar kusa da kwalin da yake ɗorawa yana yanka.

"Baba, wannan kwalin na 'yan ƙaramin aji ne. Na manya muke ɗinkawa."

Ya daɗe yana kallona ta saman tabarau. Ya auna da kansa har sau biyu, sai ya yi salati, ya sa mini albarka, ya ce da an kai yamma da yadin duka ya salwanta. Ya ce a kawo waɗanda aka haɗa a warware.

A sito na sami Anti, zaune kan bandir ɗin yadi, ƙofa a ɗan buɗe. Ashe duk a kan idonta aka yi. Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na ga tana share ido da gefen mayafi. Ta ce tun da safe ta lura, ta ba ni zuwa ƙarfe sha ɗaya, in ban yi magana ba sai ta fito. Da na hau akwatin, saura minti bakwai.

"Ni da na ga irin wannan ina sa'arki, shiru na yi," in ji ta. "Aka ɗora mini laifin, na ƙara shekara goma sha ɗaya a kan keke. Jeki, mutanenki na jiranki."