Zobe Ɗari da Arba'in da Uku

An cire sunan Haladu daga tarihin ƙungiyar Tsawar Basirka, kuma mijin ƙanwarsa ne ya cire shi.

Ƙungiyar ƙwallon ƙafar ta cika shekara talatin da kafuwa. Kwamiti ya gina ɗan ofis a gefen fili, aka shafe bangon gaba da farin fenti, aka ɗauko mai rubutu tun daga Birnin Kudu ya jera sunayen mutum goma da suka fi kowa cin ƙwallo a tarihin ƙungiya. Can sama, da jan fenti da manyan baƙaƙe, aka sa Alhaji Safiyanu, shugaban ƙungiya, wai ƙwallo ɗari da saba'in da ɗaya. Na biyu yana da sittin da ɗaya, na goma talatin da huɗu. Haladu Iliyasu, wanda ya zura ƙwallo ɗari da arba'in da uku a raga, kusan duka da ƙafar hagu, babu shi ko a gindin bango inda awaki ke goga jiki.

Hapsatu, ƙanwar Haladu kuma matar shi Alhaji Safiyanun, a hanyarta ta dawowa daga makarantar da take koyarwa ta ga bangon. Ta tsaya ta karanta daga sama zuwa ƙasa, ta sake karantawa daga ƙasa zuwa sama. Ta tare babur ta ce a kai ta gidan yayanta.

Haladu shi ne ɗan farin Malam Iliyasu, malamin firamare, Bafillacen da Fillanci ya kuɓuce masa tun yana yaro amma kunya ba ta kuɓuce masa ba. Tun ranar suna har ranar da ya koma ga Mahaliccinsa ba wanda ya taɓa jin ya kira sunan Haladu. In yana nemansa sai ya ce, "Ina wancan?" In an yabe shi a gabansa sai ya sunkuya yana gyara sarƙar kekensa, ko da sarƙar lafiyarta ƙalau. Haka aka san iyayen da suke da ɗan fari a wajenmu, ba wanda ya ɗauke shi ƙiyayya.

To shi wannan Malam Iliyasun ne ya riƙe littafin ƙungiya tun daga 1994. Babban littafin rajista ne mai shuɗin bango. Duk ranar wasa yana bakin fili, keke jingine da bishiyar maina, biro a hannu. Yana rubuta kwanan wata, da garin da aka kara da su, da wanda ya ci, da mintin da ya ci. Kowa sunansa cikakke. Amma bakin da ba ya iya furta sunan ɗan fari, hannu ma bai iya rubuta shi ba. Duk inda Haladu ya ci ƙwallo, sai Malam ya zana ɗan zobe a gurbin suna, ya sa minti a gefe, ya wuce.

Kowa ya san da wannan. Har tsokanarsa 'yan kallo suke yi.

"Malam, wa ya ci ne? Mu ba mu gani ba."

"Ku da kuka zo da idanunku," in ji shi, yana kallon gabas alhali raga tana yamma.

"Malam, yau zobe nawa?"

"Ku matsa mini, kun tare mini haske."

Haladu ba dogo ba ne, ba shi da gudun a zo a gani. Abin da yake da shi ƙafar hagu ce da sanin inda ƙwallo za ta faɗo tun ba ta bar ƙafar mai bugu ba. Shekara biyun farko ba takalmi ya yi wasa. Da safe yana gona, da hantsi yana kai shanun kawunsa mashaya, bayan la'asar yana fili. A 1998 ya ci 'yan Surko huɗu shi kaɗai a filinsu, har mai tsaron gidansu, Buba, ya cire safar hannu ya miƙa masa a tsakiyar wasa ya ce ya haɗa da ita ya tafi. An neme shi daga Dutse sau biyu, ya ce wa zai bar wa gona. A damina ta 2007, a filin Unguwar Ya, wani ya shigo masa ta baya gwiwar hagun ta goce. Aka ɗauko shi a bayan a-kori-kura. Ranar ma sai da ya ci ɗaya kafin a karya shi, kuma Malam, da yake ganin ana ciccibar ɗansa, sai da ya zana zoben ya sa minti talatin da takwas kafin ya rufe littafi ya hau keke ya bi motar a baya, nesa kaɗan, kada a ce ya damu.

Daga nan ƙwallo ta ƙare wa Haladu. Ya sayi babur, ya shiga acaɓa tsakanin Basirka da Gwaram, ran kasuwa ya ɗauko buhun riɗi, sauran ranaku ya ɗauki mutane. Yana ɗingishi har yau. 'Ya'yansa shida. Bai taɓa roƙon ƙungiya ko kwalbar man zafi ba. Abu ɗaya ya rage masa daga waɗannan shekaru goma sha uku, shi ne duk wanda ya buɗe littafin nan zai ga zoben ubansa.

Hapsatu ta same shi a ƙofar gida yana ɗaure birkin babur.

"Yaya, ka ga bangon?"

"Na gani. Ta nan nake wucewa sau takwas a rana."

"Shi ke nan abin da za ka ce?"

"To me zan ce, Hapsatu? Mijinki ne. Ki bar shi, fenti ne, ruwan sama biyu zai wanke shi."

"Fentin mai ne, Yaya. Ni na san kalar gwangwanin, a zaurenmu ya kwana."

Ya yi murmushi bai ɗago ba. Can sai ya ce, "Musaddiq ne kawai ya dame ni. Jiya ya dawo daga makaranta ya ce abokansa sun ce ƙarya nake yi masa, wai ko na goma ban zo ba." Ya ja notin birkin har sai da sifana ta zame ta buge masa yatsa. Musaddiq ɗansa ne na uku. Hapsatu ta juya ta tafi ba sallama.

Washegari ta je wurin sakataren ƙungiya, Malam Kamaluddeen, wanda aiki ya kawo shi garin shekara huɗu da suka wuce. Mutumin kirki ne, amma baƙo ne, bai san Malam Iliyasu ba, bai taɓa ganin Haladu a fili ba. Shi ya zauna ya kwashe littafin ya zuba a kwamfuta. Ya ce da ya ƙirga ya tarar da zobe ɗari da arba'in da uku ba suna, sai ya tambayi shugaba.

"Me ya ce maka?"

"Ya ce nasa ne, Hajiya. Ya ce marigayi surukinsa ne, yana jin nauyin rubuta sunan mijin 'yarsa, shi ya sa yake sa masa zobe. Na ga maganar ta hau, tunda al'ada ce. Sai na haɗa da ashirin da takwas ɗin da na samu nasa."

"Ka tambayi wani dattijo ko ɗaya?"

"Shugaba fa ya faɗa."

Kun ji inda rashin kunyar take. Da ƙarya Alhaji ya ƙirƙiro daga sama da sauƙi. Kunyar Malam ya ɗauka, kunyar da uba ya yi shekara da shekaru yana yi wa ɗansa, ya yafa ta a kafaɗarsa kamar babbar riga ta aro. Safiyanun da kowa ya sani a lamba bakwai, wanda in ya ɗaga ƙafa masu gonar dawar bayan raga suke fara salati saboda nan ƙwallon za ta sauka. Kuma dattawan kwamiti biyar, waɗanda duk sun buga wasa da Haladu, suna zaune aka karanta jerin sunayen suka ce madalla, don Alhaji ne ya sayi kwanon rufin ofis.

A gida ta ba shi dama sau ɗaya. Ta ajiye masa abincin rana ta zauna.

"Alhaji, bangon nan akwai kuskure."

"Wane kuskure? Na'ura ce ta lissafa."

"Zoben Baba na Yaya ne. Ka sani, na sani."

"Hapsatu, shekara nawa da wannan? Wa ya riƙe? Shi Haladun ya yi magana ne? Ƙungiya tana neman masu taimako, dole a ga shugaba a sama. Ke dai ranar taro ki shirya, ke za ki miƙa mini littafin a gaban jama'a a matsayinki na 'yar marigayi. Ki samo ƙyalle mai kyau ki naɗe shi."

Ta dube shi. Shekara ashirin da uku tana aure da shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ko a bayan idonsa. Alhaji ne, maigida ne, baban su Jannat ne. Ko ɗan wata mai sayar da gyaɗa da yake da irin sunan, "mai sunan Alhaji" take ce masa.

"To," in ji ta. "A kawo littafin."

Kwana uku littafin yana hannunta. Ta zauna a tsakar gida da rana tsaka, ta zare tsinkayen tsintsiya ta karkarya, tana buɗe shafi tana saƙalawa. Sannan ta naɗe shi a farin ƙyalle.

Ranar Asabar aka kafa rumfuna. An zo daga Gwaram, daga Surko, daga Unguwar Ya. Haladu yana can bayan jama'a a kan baburinsa, wai jiran fasinja yake. Mai gabatarwa ya kira 'yar marigayi, ya ce ta yi wa taro gaisuwa a taƙaice ta miƙa amana. Alhaji ya miƙe ya gyara hula ya shimfiɗa hannu biyu. Hapsatu ta karɓi makirufo, ta kwance ƙyalle, ta buɗe inda tsinken farko yake.

"Goma sha biyu ga watan Nuwamba, 1994, mu da Surko. Minti tara, zobe. Minti arba'in, zobe. Minti saba'in da ɗaya," ta ɗago kai ta dubi mijinta, "Safiyanu."

Wata tsohuwa a rumfar mata ta dafe baki. Mace ta kira sunan mijinta gatsal a lasifika.

"Ga zobe ga Safiyanu a shafi ɗaya, da hannun Baba. Ni a lokacin ina aji biyu a sakandare, ba wanda ya zo neman aurena. Wane suruki?" Ta buɗe tsinke na biyu. "Janairu 1996. Zobe, zobe, Safiyanu." Na uku. "Safiyanu, bugun fenariti, shi ma a karo na biyu, na farko yana gonar dawa."

Dariya ta ɓarke daga wajen 'yan acaɓa.

"Hajiya, ya isa," in ji wani ɗan kwamiti, yana miƙo hannu.

"Baba Zulkifli, ka koma ka zauna. Kai ne kake bugo wa Yaya kwana yana zurawa a raga, ka fi kowa sanin na wa ne."

Sau ashirin da biyu ta kira sunan, ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko guda ba. Sannan ta nuna inda aka ɗaura aurenta a 2001, ta nuna yadda daga ranar Malam ya daina rubuta sunan surukinsa ya koma rubuta "mai lamba bakwai." Guda shida ne. Ashirin da biyu da shida, ashirin da takwas. Ta buɗe tsinken ƙarshe, daminar 2007, minti talatin da takwas.

"Daga wannan shafin babu sauran zobe. Shi kuwa mai lamba bakwai ya ƙara shekara uku yana wasa. In nasa ne, ina suka tafi?"

Buba na Surko, wanda yanzu gemunsa fari fat, ya miƙe daga cikin baƙi ya ce, "Ni dai huɗun da aka zura mini a 1998 na san ƙafar da ta zura su, har yau ina mafarkinta. Ga mai ita can a kan babur."

Jama'a suka juya. Haladu ya sunkuya yana taɓa sarƙar baburinsa, sarƙar da lafiyarta ƙalau.

Hapsatu ba ta miƙa littafin ga hannun da aka shimfiɗa ba. Ta mayar da shi cikin ƙyalle, ta ratsa taro, ta hau bayan baburin yayanta ta ce, "Mu je." Tana gidansa har yau, littafin yana ƙarƙashin matashinta. An aiko biko sau biyu. Ta ce wa 'yan aiken ba ta ƙi komawa ba, amma ta gaban bangon nan hanyar gidan take, kuma ba za ta wuce shi yana yadda yake ba.

Yau sati biyar. Kwamiti ya ce ya kafa ƙaramin kwamiti yana bincike. Binciken me? Jan fentin yana nan, Haladu yana wucewa ta gabansa sau takwas a rana.

Saboda haka, Alhaji Safiyanu, da kai Baba Zulkifli, da sauran huɗun da kuka ce madalla, da kai Malam Kamaluddeen da ba ka tambayi kowa ba: ku kankare bangon nan kafin wasan Juma'a. Ku rubuta Haladu Iliyasu a sama, cikakken suna, ɗari da arba'in da uku, ku zana zobe a gefensa. Mai ashirin da takwas ba ya cikin goman farko, kada a nema masa gurbi. Kada kuma a ɗauko mai fenti daga Birnin Kudu. Gwangwanin yana zauren Alhaji, tsani yana ofis. Shi zai hau da kansa, da rana, ku biyar ku riƙe masa tsanin, kuma a kira Musaddiq da abokansa su tsaya su karanta.